Yayin Rafi'atu

Ranar da aka raba yayin bikin Fareeda, ƙanwar mijina, ina tsakar gida ina tsince shinkafa. Yayi shi ne zanen da dangi ke ɗinkawa iri ɗaya ranar aure, kuma a gidanmu na unguwar Akwatialine a Kumasi ba a wasa da shi. Hajiya Mamunatu, babbar yayar mijina, ita ce mai rabo. Ta baje tabarma, ta jibge atamfa koriya mai zanen ganye ruwan ɗorawa, tana kiran suna kamar malamar makaranta. Kowace mace yadi shida, kowace yarinya yadi biyu. Har jikarta da ba ta fara rarrafe ba sai da aka kira.

Na karɓi nawa, na ci gaba da tsayuwa.

"Hajiya, saura na Rafi'atu."

"Ya ƙare koraa, ko ƙyalle babu," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. Alhali ga bakin atamfar nan yana leƙowa daga ƙarƙashin cinyarta.

Rafi'atu 'yata ce, shekararta biyu da rabi, kuma zabiya ce. Fara sol Allah ya ba ni ita, da gashi ja-ja da idanun da ba sa son rana. Tun ranar sunanta na san masu kallonta da ido ɗaya a gidan nan, na kuma san Hajiya ce shugabarsu.

"Barakatu, rana za a yi paa, mai tsanani," in ji Hajiya. "Ki bar ta wajen maƙwabta, tausayinta nake ji." Sai ta rage murya. "Dangin ango daga Kwadaso za su zo. Ba mu so a fara tambaya ko abin a jini yake. Kuma na gaya wa kowa, wanda bai sa yayi ba, ba shi shiga hoto."

Raina ya ɓaci. Wato 'yata ce abin kunyar da za a kulle a ɗaki kada baƙi su gani. Na rungumi yadina na shige ɗaki, don in na buɗe baki a lokacin, sai an kira mai unguwa.

Da la'asar mijina Iliasu ya dawo daga tashar Race Course inda yake jan mota, na faɗa masa. Ya sosa ƙeya, ya ce, "Ki yi haƙuri, kin san halin Hajiya. Yini ɗaya ne fa."

"Yini ɗaya ne, amma hoton shekara nawa zai yi a bango? In ta girma ta tambaye ka ina take ranar, me za ka ce?"

Ya ɗauki buta ya tafi alwala. Haka Iliasu yake, in magana ta yi zafi sai salla ta taso masa.

Sauran mata duk sun kai nasu wajen tela ɗaya a kasuwar Kejetia. Ni kuwa washegari da hantsi na jawo keken ɗinki na hannu da na zo da shi gidan aure, na goge ƙura, na ɗiga masa mai. Ni ba tela ba ce. Shekara ɗaya na yi ina koyo kafin aure, na iya abin da na iya. Na shimfiɗa yadi shidan a ƙasa na zauna ina kallonsa. Biyu na riga, biyu na siket, biyu na ɗankwali, haka kowa ke yi. Nawa kuwa sai ya ɗauki mutum biyu.

Da ta Rafi'atu na fara, don kada in rage mata abin da ya saura. Auna ta kaɗai yaƙi ne. Na sa mata tef a kafaɗa ta fizge ta gudu da shi bayan randa. Sai da na cika mata hannu biyu da ƙosai sannan ta tsaya, tana ci ina gwadawa. Rigarta dole ta yi dogon hannu har wuyan hannu saboda rana, da wuya mai tsayi, da hula mai faɗin baki. Na ba ta tattara a ƙugu yadda in ta juya za ta buɗe, don ita ma ta san biki take. Yadin ɗankwalina gaba ɗaya ya tafi a nan, har ya ci na siket.

Da na zo kan nawa, sai dabara. Siket ya fito miƙaƙƙe, ba baza ba ado. Hannun riga ya tsaya a gwiwar hannu, ɗaya ma sai da na yi masa haɗi a hammata. Na sa zif a karkace, na farke, na sake, na kuma farkewa. Kwana huɗu ina juya keken nan a bakin ƙofa, kuma da gangan ban saki labule ba. Duk wadda ta wuce sai ta rage tafiya ta leƙa.

Ranar biki aka kafa rumfuna a layi, aka tare hanya, kiɗa na tashi. Na ɗaura tsohon farin ɗankwalina, na yafa mayafi, na riƙo hannun Rafi'atu muka fito. Tana tafe tana juyi tana kallon rigarta. Wallahi ta yi kyau, kyan da ya sa ƙwalla ta cika mini ido, amma na haɗiye abata, don ba ranar kuka ba ce.

Da mai hoto ya yi kira masu yayi su taru bayan amarya, muka nufi wajen. Hajiya ta sha gabana. Ta dubi yarinyar daga hula har takalmi, ta dubi kaina.

"Ina ɗankwalinki? Wa ya ba ki yadin yarinyar nan?"

Na ɗaga murya yadda dangin ango da ke zaune a layin gaba za su ji.

"Daga jikina na yanko mata, Hajiya. Ita ma ai daga nan ta fito. Kin ce mai yayi ke shiga hoto, to ga ta da yayinta."

Hajiya ta waiga ta dubi dangin ango. Na hango Iliasu can cikin maza ya sunkuyar da kai. Na wuce ta gefenta, na zaunar da Rafi'atu a gaba cikin yara, daidai ƙafar amarya.

Mai hoton, wani saurayi da Hausarsa ba ta nuna ba, ya leƙo ya ce, "Madam, yarinyan ya yi kyau paa, amma hula ya rufe fuska."

"A bar mata hular!" Hajiya ta yi caraf daga bayana. "Rana."

Na ɗaga kai na dubi rumfar da ke samanmu. Inuwa ce ko'ina. Na durƙusa na kwance igiyar, na cire hular, na gyara wa 'yata gashinta da yatsuna, na ɗago haɓarta.

"Ɗauka," na ce masa.