Albasar Kallo

Shekara goma muna New York, mijina Chuwang bai taɓa shigowa da ko albasa ɗaya ta miya ba, amma a watan Oktoban 1994 sai ga shi da ƙunshin albasar kallo. Wai ba a cinta, furenta ake so. Ya jera ta a gindin shingen gidanmu na unguwar St. George, yana auna tazara da rula, don dai Baturiyar da ke maƙwabtaka da mu ta leƙo ta yaba.

Wata bakwai yana gadinta. Kullum kafin ya tafi kama jirgin ruwa zuwa wurin aiki sai ya tsuguna ya duba lafiyarta. Ni ko "kin tashi lafiya" ba na samu.

A watan Mayu surukina ya iso daga Barikin Ladi, mutumin da ya tsufa a gonar albasa. Washegari da hantsi ya fita, ya tarar karare sun miƙe, furanni na shirin buɗewa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kakkarya, ya tattake ganyen, yadda ake yi a gida don albasa ta yi ƙiba. Ina taga ina kallonsa, na ci gaba da shan shayina.

Da Chuwang ya dawo, sai jakarsa ta suɓuce.

"Baba! Ai furen nake jira! Don a gani na shuka ta!"

Baba ya kakkaɓe hannuwansa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Don a gani? Ashe shi ya sa shekara goma hotonka kawai uwarka ke samu."