Kujerar da Ta Daina Jin Nauyin Celestino

A garin Villa Amparo ba a kai abu wurin makaniki sai ya mutu murus. Ƙofa ta ɓalle, a ɗaure ta da waya. Salansar mota ta saki, waya. Hatta ƙararrawar coci, tun shekarar da guguwa ta girgiza ta, waya ce ke riƙe da ita. Kuma kada ka ce musu talauci ne, a wurinsu basira ce da Allah ya hana sauran ƙasashe. Duk namijin da ya amsa sunansa za ka same shi da filaya a aljihun baya da ɗan naɗin wayar shinge a bayan mota.

Celestino Gaido ma a haka ya tashi, amma akwai abu guda da bai taɓa yarda waya ta kusanta ba, wato 'yar taraktar yankan ciyawa ta kulob ɗin ƙwallon garin. Ja ce, da kujera baƙa da sitiyari, wuƙaƙenta na juyawa a ƙarƙashin ciki. Tun ranar da aka sayo ta makullin ke hannunsa. Kafin ya hau sai ya zaga filin a ƙafa yana tsintar duwatsu da murafen kwalba. Ba ya zuba mata fetur tana da zafi, ba ya sa hannu kusa da wuƙaƙe sai ya cire wayar fulogi, kuma yaro bai isa ya hau ba ko da ɗan limamin wani gari ne. Mata na cewa da marigayiya matarsa ta samu rabin wannan kulawar da har yanzu tana raye. Shi kuwa ko a jikinsa.

Sai ciwon ciki ya kwantar da shi, aka yi masa aiki a birni. Ya tafi da tumbinsa, ya dawo kamar an wanke riga an shanya. 'Yarsa Griselda, wadda ke aikin jinya a ɗakin shan magani na garin, ta fara da karɓe makullin akori-kurarsa. Da ya ce to zai hau keke, ta ba maƙwabci keken. Makullin 'yar tarakta kaɗai ta bar masa, shi ma don ta ga idanunsa sun kawo ruwa ne. Ya rataye shi a wuya da igiyar takalmi, har wanka da shi yake yi. Tsoho dai ya san in wannan ya tafi, saura kujerar ƙofar gida da kallon masu wucewa.

Asabar ta farko da ya samu ƙarfi ya nufi fili. Mazan garin na jingine da shinge kamar kullum, ƙoƙon mate, shayin ganyen da suke sha, na zagayawa daga hannu zuwa hannu, kowa ya zuƙa ya miƙa. Aikinsu ke nan, ba su taɓa tsinke ko tsinken ciyawa ba amma babu wanda bai san yadda ya kamata a yanke ta ba. Celestino ya duba baƙin mai, ya hau, ya murza makulli. Ta tashi lafiya. Bai yi nisa ba taya ta hau ɗan tudu, ta mutu. Ya sake tayarwa, ta ɗan taɓa, ta sake mutuwa.

Pocho mahauci, shugaban kulob, mutum ne da in ya shigo ɗaki sai an buɗe ƙofa biyu. Ya tako ya ɗaga kujerar ya nuna ɗan maɓallin da ke ƙasa. Celestino ya fi shi sanin abin. Masu ƙera injin sun sa shi ne don in nauyin direba ya bar kujera, injin ya mutu, wuƙaƙe su tsaya, kada mutum ya faɗo ta bi ta kansa.

"Lafiyarta ƙalau, tsoho," in ji Pocho. "Kai ne ba ta ji. A lissafinta babu kowa a kai."

Shinge ya ɗauki dariya. Wani ya ce, "Baba Celestino, ka yi mata magana mana ta san kana nan!"

Ya yi murmushin yaƙe, amma maganar ta soke shi. Likitoci sun yi ta magana a kansa kamar ba ya ɗakin, 'yarsa na yanke masa hukunci ba ta tambaye shi ba, duk ya haɗiye. Yau kuma ga abin da ya raina da hannunsa yana shaida wa jama'a cewa babu shi.

Nan take gari ya ɗauki lamarin a matsayin matsalar ƙasa. Nélida mai abincin kulob ta ce abin mai sauƙi ne, a ciyar da mutum. Ta dinga aiko masa da taliya da miyar nama, da haƙarƙarin saniya gasasshe, da kwalbar madarar sukari ta ce ya sha da cokali. Ya ci loma uku ya ture, ragowar kuwa Pocho ke taimaka masa da ita, har shi ne ya ƙara ƙiba. Wani ya kawo shawarar ya rungumi bulo biyu a cinya, suka zame suka kusa fasa masa yatsa. Aka ɗora buhun yashi a kujera ya zauna a kai, sai ƙafarsa ta kasa kai wa birki. Kwamitin kulob ya zauna a kan batun har sau biyu, aka tashi da matsaya cewa laifin 'yan ƙasar waje ne da ke ƙera inji don ƙattai.

"Duk wahalar banza kuke yi," in ji Pocho, yana zaro filaya. "A danne maɓallin nan a ɗaure da waya, shi ke nan. Kullum za ta ɗauka da mutum a kai."

Ashe Griselda na tsaye a baya, ta kawo wa mahaifinta magani.

"Kawu Pocho, mayar da filayarka aljihu," ta ce. "Ni nake wanke ƙafafun da irin wannan basirar taku ke aiko mana. Wata ƙafar a leda ake biyo mai ita da ita." Ta juya ga mahaifinta. "Baba, ka ji ni da kyau. Ranar da na ga waya a ƙarƙashin kujerar nan, ranar za ka ba ni makullin."

"Ni da waya a jikinta? Haba 'yar nan, kin manta wanda kike magana da shi."

Da gaske yake a lokacin. Amma ciyawa ba ta jira ya yi ƙiba ba. Ruwa ya sauka, fili ya cika har idon sawu, ga wasan da za a yi ranar Lahadi da 'yan ƙauyen ƙetaren rafi, mutanen da in sun zo suka ga fili haka za su yi shekara suna cewa a Villa Amparo a makiyaya ake buga ƙwallo. Ana gobe wasa Pocho ya same shi a rumfar ajiye kaya, ya dafa kafaɗarsa da tausayi irin na mahauta.

"Mutumina, kada ka takura kanka. Ara mini makullin na yau kawai. Ni dai kujera ba ta taɓa shakkar ina kanta ba."

Celestino ya dube shi, ya dubi kujerar, ya hango yadda za ta nutse. Ya san kuma makullin da aka ara na yau kawai ba ya dawowa.

"Je ka shinge," ya ce. "Yanzu zan fito."

Da ya rage shi kaɗai ya tura ƙofa, ya yanko waya daga bayan rumfa. Ya ɗaga kujerar, ya danne maɓallin, ya naɗe shi tsaf, ya murɗe bakin ya lanƙwasa don kada a gani. Aiki ne mai kyau, ɗan garin ne ai. Sai dai bai yarda ya kalli fitilunta ba.

Ya fito fili tana gurnani kamar sabuwa. Tudu ya zo ta haye, rami ya zo ta wuce. Shinge ya ɓarke da tafi, Pocho ya kanne wa na kusa da shi ido. Daɗi ya kama tsoho, iska na kaɗa masa riga, ya ji shi mutum ne kuma. Shi da bai taɓa wuce giya ta biyu ba, yau ya kai ta ƙarshe, har yana ɗaga wa jama'a hannu ɗaya.

A kusurwar filin akwai sheƙar tero, tsuntsun nan mai dogayen ƙafafu da ƙaya a fukafuki, wanda ya ɗauki kowane filin ƙwallo gadon ubansa ne. An kafa sanda a wurin, kowa ya san a hankali ake kewayewa, daga nesa. Celestino ya tunkaro da gudu. Uwar ta tashi da ihu ta yi kansa, ya sunkuya ya murɗa sitiyari, taya ta faɗa rami, kujera ta cilla shi. Da mai nauyi ne da ya dawo mazauninsa. Shi kam sai ƙasa.

'Yar tarakta ba ta ko yi tari ba. A lissafinta direba na nan daram. Sitiyarin na murɗe, don haka ta kama zagaye da wuƙaƙenta suna feshin ciyawa, ta yi babban da'ira ta juyo inda yake kwance. Ya yunƙura zai tashi, ɗinkin cikinsa ya riƙe shi. A karon farko ta wuce shi da ɗan tazara, ya ji zafin salansarta a fuska.

Mazan shinge suka yi abin da suka fi iyawa.

"Mirgina hagu!"

"Wane hagu, dama! Kai ba ka ga yadda take zuwa ba?"

"A bar ta, ai fetur zai ƙare!"

"Wani ya shiga mana!" in ji Pocho, ƙoƙon mate na hannunsa.

Ta sake juyowa, wannan karon saitinsa sosai. Celestino ya ga jan hancinta na ƙara girma, ya ga ƙyallin wuƙar da shi da kansa ya wasa. Tsoro ya ba shi ƙarfin da taliyar Nélida ta kasa ba shi, ya mirgina. Ta kama takalminsa na dama. Allah ya so ƙafar ma ta rame, ta zare daga ciki, takalmin ya shige ƙasan injin ya fito ta gefe kamar nama daga injin niƙan Pocho. Karon ya sauya mata hanya, ta miƙe sak ta daki turken raga, ta tsaya tana haƙar ƙasa da tayoyin baya. Nélida ce ta fito daga kicin da tsumma a kafaɗa, ta ratsa filin, ta miƙa hannu ta kashe. Ta zare makullin, ta zo ta danƙa wa Celestino a tafin hannu.

Sai ga maza sun shigo da gudu, yanzu da babu abin gudu. Pocho ya tsinke wayar ya cusa a aljihu, ya ce kowa ya kama bakinsa, a ce jiri ne ya ɗebi tsoho ya sauka da kansa. Amma kafin a gama tsara ƙaryar Griselda ta iso. Ta durƙusa ta cire masa safa, ta taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga kai ta ga guntayen takalmi warwatse a ciyawa, ta ga injin can jikin turke, nesa da inda mahaifinta ya faɗi. Ta miƙa masa tafin hannu.

Celestino ya damƙe makullin a ƙirji.

"Griselda, shi kaɗai ya rage mini."

Ya faɗe shi a gaban mutane, kunya kamar ya nutse. Ta dube shi, idanunta sun yi ja. Sannan ta janye hannun.

"Riƙe abinka, Baba. Tashi mu je gida."

Ya yi sati a kwance yana jin ya ci nasara. An yi wasan a fili rabi aske rabi gashi, an ci Villa Amparo, aka ɗora wa alƙalin wasa laifi. Shi dai ya ci abinci fiye da da, yana lissafin cewa nan da ɗan lokaci kujera za ta san da shi ba sai da dabara ba.

Asabar ta zagayo, ya sa sabon takalmi, ya rataya makulli, ya kama hanya a hankali. Tun daga bakin coci ya jiyo gurnanin da ko cikin barci zai gane. Ya dafa ƙirji, makulli na nan. Ya ƙara sauri.

Pocho ne a kai, kujera ta nutse har tana kuka, sitiyari a hannu ɗaya, mate a ɗayan, yana yanka layi karkatacce kamar tafiyar mashayi. Daga ramin makulli wasu wayoyi biyu sun leƙo, an murɗe su wuri guda. Da ya hango Celestino ya rage gudu ya ɗaga murya.

"Tsoho, ka warke? Huta abinka! 'Yarka ta ce kada a dame ka da zancen makulli, sai muka yi dabara. Af, kwamiti ya naɗa ka uban fili, mun ma tafa maka ba ka nan!"

Ya wuce, ya bar masa hayaƙi. Celestino ya tsaya yana kallon bayanta, ta hau tudu ta sauka ba ta ko tambayi inda yake ba. Mazan shinge suka gaishe shi da fara'a, suka matsa suka buɗa masa wuri a tsakiyarsu, wani ya miƙo masa ƙoƙo. Ya karɓa da hannun hagu, don na dama na riƙe da makullin. Babu wanda ya tambaye shi makullin ranar nan, kuma babu wanda ya sake tambayarsa.