Jinin Sa a Cikin Motar Sulke

Sojoji sun kawo wata motar sulke Kafanchan da daminar 1976, aka ce tana iyo. Sarƙa gare ta maimakon taya, bindiga bisa kai, da allon ƙarfe a gaba mai kare ta daga igiyar ruwa. Mutum shida ke zama a baya. Kofur Kambai, ɗan Kagoro, shi ne direba.

Ranar Laraba Saja Dogara ya harbe san wani makiyayi, Gidaɗo, wai ya tare hanya. Da tsohon ya yi magana, Saja ya fasa masa baki da gindin bindiga. Suka loda naman a baya. Da suka koma bariki jini ya daskare a daɓen motar, Kambai ya kwance matoshin da ke ƙasa, ya kwara ruwa, jinin ya tsiyaye ta ramin. Ya bar shi a buɗe ya sha iska.

Washegari aka ce a gwada ta a kogin bayan Gidan Waya, da ƙananan sojoji shida a baya. Kogi ya kawo, ja wur. Kambai ya ɗaga allon gaba, ya kunna famfon zuƙe ruwa, ya shiga. Saja na tsaye a ƙofar sama yana yi wa manoman gaɓa dariya.

A tsakiyar kogi ruwa ya taɓa idon sawun Kambai. Ya shafa aljihu. Matoshin na ciki.

Famfo ya gaza. Gindin motar ya fara nutsewa, mutum shida na dukan ƙarfe. Ƙofofin baya ba su buɗuwa a ruwa, murfin rufinsu kuwa tsatsa ta riƙe shi tun zuwanta. Mafita ɗaya ce, inda Saja yake tsaye. Kambai ya ce ya hau sama ya ba yara hanya. Saja ya ce bai iya ruwa ba, babu inda za shi, a juya mota.

"Oga, ka matsa."

"Wa kake ba oda, Kofur? Uwarka ce ta ba ka igiya uku?"

Ya sa takalmi ya tokare fuskar Wilfred, na farkon da ya rarrafo. Kambai ya saki sitiyari, ya ɗauki sufana, ya sauke ta a gwiwar Saja. Ƙashi ya ba da ƙara. Ya ƙara masa a haƙarƙari, ya sa kafaɗa ya cilla shi waje. Ruwa ya tafi da shi.

Kambai ya riƙa jawo yaran ɗaya ɗaya ta wuyan riga, ruwa a ƙirjinsa. Ya ƙirga biyar. Ya nutsa ya lalubo na shida, Simon, ya turo shi sama, sannan injin ya mutu.

A gaɓa suka kwanta suna aman ruwa. Manoma suka tsamo Saja can ƙasa da gada, da ransa, yana kiran sunan Kambai. Kambai ya zauna cikin laka, ya cire bel ɗinsa ya ajiye, yana jiran masu zuwa kama shi.