Robar Kaki ta Ƙarshe

Wata shida cur Baba Tela bai taɓa makara ba. Ƙarfe bakwai yana kan bencin asibitin masu tarin fuka, nas ta miƙa masa ƙwayoyi da kofin ruwa, ta tsaya har ya haɗiye a gabanta, don haka dokar maganin take. Sannan ta ce, "Baba, yaya aka kwana?" Duk faɗin duniya ita kaɗai ke yi masa wannan tambayar.

A gida kuwa, tun ranar da aka faɗi sunan ciwon, surukarsa, matar ɗansa, ta ɗaura wa kwanonsa jan zare, tana ajiye masa abinci a bakin ƙofa kamar mai ba kyanwa. Aka hana jikoki shiga ɗakinsa. Masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa, har keken ya yi tsatsa. Kaɗaici ya fi tarin cinsa.

Ranar ƙwayar ƙarshe nas ta ba shi 'yar roba mai murfi.

"Gobe ka kawo kakin safe. In an duba ba a ga cuta ba, sai in rubuta ka warke, ka huta da zuwa."

"In ban kawo ba fa?"

"Sai dai in rubuta ka gama magani kawai. Ƙarshen wata ake kai rahoto, a ga cikin ɗari mutum nawa suka warke. Kai kaɗai ka rage a shafin nan."

Washegari ya zo da robar wayam. "'Yata, kakin ya ƙi fitowa." Haka jibi, haka gata. Kwana tara tsoho yana zuwa ya zauna a bencinsa, a tambaye shi kwana, ya amsa da dogon bayani.

A na goma nas ta zauna kusa da shi. "Baba, na gane ka. Amma in ba gwaji, ba takardar warkewa. Ita za ka nuna wa ɗanka, jikoki su dawo."

Maganar ta shige shi. Ya zagaya bayan gini, ya yi tari har da hawaye, ya kawo.

Sakamako ya fito tas. Nas ta ja alama a layin waɗanda suka warke, ta ce, "Ka fitar da mu kunya, Baba."

Ɗansa ya karɓi takardar da bakin yatsu, ya karanta, ya ce, "Alhamdu lillahi." Da yamma sai ga kwano mai jan zare a bakin ƙofa, inda aka saba.

Da safe Baba Tela ya sa hula, ya zura takalmi. Sai da ya kama ƙofa ya tuna cewa ya warke. Ya koma bakin gado ya zauna, ƙarfe bakwai ta wuce, ba wanda ya tambaye shi kwana.