Karatun Dupe

A shekarun da Birnin Kebbi take ƙarƙashin Jihar Sakkwato, duk ɗalibin da ke neman tallafin karatu sai ya taka har Sakkwato ya zauna gaban kwamiti. Hauwa'u, ɗiyar Malam Ummaru manomin shinkafa a Zauro, ta sami gurbi a jami'a don karanta aikin jin daɗin jama'a a shekarar da ambaliya ta cinye fadama. Rumbu wayam, sai tallafin nan kaɗai gidan ya zuba wa ido.

Ba ita ta zaɓi fannin ba. Ƙawarta Dupe ce ta ja ta, ɗiyar Iyabo mai shagon atamfa a kasuwar Birnin Kebbi. A garin aka haifi Dupe, Hausa ta fi Yarbanci zama a bakinta, amma an ce ba 'yar asalin jiha ba ce, don haka tallafi bai shafe ta ba. Uwarta ta daɗe tana zuba adashi saboda karatunta. Duk da haka Dupe ta dage sai ta raka Hauwa'u Sakkwato, wai kada kunya ta ɗaure mata baki gaban manya.

Sun wuce Argungu kaɗan tayar motar da suka shiga ta fashe. Hauwa'u ba ta san abin da ya biyo baya ba. Ta farfaɗo a gadon asibiti, an riga an binne Dupe, kwamiti ya gama zamansa ya tashi.

Bayan sadakar arba'in Iyabo ta zo Zauro, direba na biye da ita ɗauke da akwatin ƙarfe da katifa. Ta ce wa Malam Ummaru abin da ta tara na karatu ne, karatu kuma za a yi da shi. Ya yi ta kawo uzuri, ta saurare shi har ya gama, sannan ta juya ga Hauwa'u.

"Ɗiyata, in kin zamna gida, mutum biyu ni rasa."

Haka Hauwa'u ta tafi jami'a da akwati mai sunan Dupe rubuce da farin fenti. 'Yan ɗakinsu suka ɗauka sunanta ke nan, ta gyara musu har ta gaji. In aka kira Dupe a tsakar makaranta sai ta waiga don ta ga wadda za ta amsa, kafin ta tuna ita ake nufi. Duk sanda ta buɗe akwatin, ƙamshin man gashin marigayiyar ke fara fitowa. A aji, in malami ya yi tambaya, takan ji amsar ta zo mata da irin muryar Dupe, da saurin maganarta da dariyar da ke maƙale a ƙarshe. Ta ci jarrabawa da kyau, amma ba ta taɓa jin cewa nata ne ba. Ko abinci ta zauna ci, sai ta tuna bakin da aka yi wa tanadinsa.

In ta zo hutu, shagon Iyabo take fara sauka. Matar takan tambaye ta me aka koya musu, ta riƙa gyaɗa kai tana kallon wani wuri can bayan kafaɗarta.

A shekarar ƙarshe aka tura ta aikin gwaji a ofishin jin daɗin jama'a na Argungu. Wata rana da hantsi aka aike ta wani ƙauye a bakin titin Sakkwato, ta duba wata tsohuwa makauniya, Inna Riskuwa, da ba ta da mai kula da ita. Suna cikin hira tsohuwar ta ce ai ita idonta bai mutu ba sai da ya ga abin da ya ishe shi. Ta ba da labarin motar da ta kife a bayan gidanta shekarun baya, da yarinyar da ta ɗora kanta a cinya tana ɗiga mata ruwa. Wai yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta kira uwa ba, ta dai yi ta maimaita magana guda tana nuna wata yarinyar da ke kwance a sume.

"Mi ta ce, Inna?"

"Cewa ta yi, ku tashe ta, za ta makara."

Hauwa'u ta gane Dupe ce, kuma ita take nufi. Ta zauna a tabarmar nan har rana ta take.

Ta yi kwanaki tana juya maganar kafin ta kai wa Iyabo. Iyabo ta rufe shago, ta ce su tafi. A ƙauyen ta durƙusa gaban tsohuwar, ta kama hannuwanta biyu ta ɗora a fuskarta, suka daɗe a haka. Daga ranar ta ɗauki nauyin ci da suturar Inna Riskuwa har Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa.

Hauwa'u ta kammala karatu. Aka ba ta aiki a Sakkwato, ta roƙa a bar ta a Argungu, aka bar ta. Iyabo kuwa, da ƙafa ta fara gaza mata, 'yan'uwanta suka zo daga kudu su tafi da ita, ta ƙi. Ta ce ƙasar da ta riƙe mata ɗiya ita za ta riƙe ta. Da ta rasu, matan Zauro ne suka yi mata wanka, Hauwa'u na zuba ruwa.