Raƙuman Ya Fanta

Ina riƙe da ƙafar jakin ta baya, Lubabatu tana riƙe da wuyansa, muna ja a tsakar gidansu kamar wasu sa'o'in juna. Ni ga furfura ta fara leƙowa, ita kuwa ko famfara ba ta gama ba. Uwarta tana tsaye bakin murhu da muciya a hannu, ba ta ce in bar wa yarinya ba, ba ta ce yarinya ta sakar mini ba. Da na ga abin yana neman zama abin kunya, sai na ɓamɓare yatsunta, na cusa jakin cikin zanena na fita. Har na kai ƙofar gidanmu ina jin kukanta.

Jakin na tsumma ne, bai fi tafin hannu biyu ba, kuma ba don kaina na ƙwato shi ba. Maƙwabciyata ce ta aike ni, Ya Fanta, kamar yadda Barebari 'yan'uwanta ke kiranta, mu ma muka ɗauka. Katanga ɗaya ce tsakaninmu a cikin Birni, gajeriya, har gishiri muke miƙa wa juna ta samanta. Mijinta Ari tela ne, shi ke ɗinka wa sojojin bariki kaki kafin Allah ya yi masa rasuwa. Ba su haihu ba. Ƙyallayen da ke zubewa ƙarƙashin kekensa ta riƙa tsincewa, tana yankawa ba zane ba awo, ta ɗinke, ta cusa audugar rimi da tsinke, ta sa maɓalli a wurin ido. Sai ka ga jaki, ka ga jimina, ka ga raƙumi da tozonsa. Da farko yaran unguwa take ba wa kyauta. Da wata madam, matar Nasara, ta gani a hannun ɗiyar mai wankinta, sai ciniki ya buɗe. Duk ranar da jirgi ya kawo wasiƙu, Ya Fanta na shimfiɗa tabarma gaban gidan waya, matan Nasara su yi ta ɗauka. Raƙuma suka fi so. Ba ta yi arziki da abin ba, amma ba ta taɓa roƙon kowa hatsi ba, kuma in tana ɗinki waƙa take yi, da wata murya mara daɗi da na sha ce mata ta rufa mana asiri.

A azumin shekarar da aka samu 'yanci abin ya lalace. Muna zaune bayan katangar masallaci da la'asar, mu mata, muna sauraron tafsiri, sai malamin ya ce duk wanda ya ƙera surar abu mai rai, ranar tsayuwa za a jera masa su a gabansa, a ce ya hura musu rai, kuma ba zai iya ba. Ni ban ma kawo komai a raina ba, hankalina yana kan kunun da na bari a wuta. Ya Fanta kuwa da muka iso gida sai ta shige ɗakinta. Tun daga ranar ban sake jin waƙar nan ba.

Da ruwan fari ciwo ya kama ta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gajarce, in ta je randa ta dawo sai ta zauna ta huta. Likita ya ba ta ƙwayoyi, ya ce zuciya ce. Wata safiya ta kira ni ta kan katanga, ta ce tana so in bi gari in karɓo mata duk dabbar da ta taɓa ɗinkawa, ta farke su da hannunta tun tana da rai.

Ni bakina ba ya shiru, kowa ya sani. Na ce wannan wace irin magana ce, mace da ba ta taɓa barin salla ta wuce ta ba, a ce tsumma ne zai kai ta wuta? Na ce ta ci abinci ta bar tsoratar da kanta. Ta bari na gama zubata tsaf, sannan ta dube ni.

"Shatu, ke za ki tsaya mini a can?"

Na ɗauki mayafina.

Wahalar da na sha Allah kaɗai ya sani. Ita kanta ba ta san yawan abin da ta ɗinka ba, shekara da shekaru tana yi. Wasu matan da sun ji dalili sai su yi salati su ɗauko. Wasu su ce ya ɓace alhali ina hango ƙafarsa ƙarƙashin gado. Wata a Zango ta ce dabara ce muka ƙulla don mu sake sayarwa, saura kaɗan mu yi dambe a zaurenta. Yara kuwa da sun hango ni sai su watse, ana cewa ga mai ƙwace nan tafe. Ni da ko kazar maƙwabci ban taɓa kora ba! Na ji zafin wannan suna ƙwarai, har yau ina jin sa.

Abin da na samo sai in zube mata a kan tabarma. Ta jingina da bango, ta ɗauki aska, ta fara cire idanun, sannan ta bi ɗinkin ciki ta farke. Sau da yawa ta yanki yatsa. Audugar rimi kuwa ba ta zama wuri ɗaya, sai ta tashi ta cika ɗaki, ta shiga hanci, ta shiga maƙogwaro. Ya Fanta ta yi ta tari har idanunta su firfito. Na ce ta bari in yi mata a waje, ta ce hannun da ya ɗinka shi zai farke. Jakin Lubabatu ma haka ta yi masa. Ta tambaye ni ko yarinyar ta yi kuka, na ce ta yi. Ta daɗe tana kallon ƙyallen a cinyarta, sannan ta jefa shi cikin kwando.

Da na ga tana ƙarewa a tsaye, na sa maigidana ya roƙo Malam Idirisu, limamin unguwarmu, dattijo mai sanyin hali. Ya zo ya zauna bakin ƙofa a kan buzu. Ya yi mata bayani a hankali, ya ce malamai da yawa sun yi sauƙi a kan abin wasan yara, ya ce rahamar Ubangiji ta fi ƙarfin jakin tsumma, kuma wanda ya tuba an yafe masa. Ina ganin fuskarta ta fara sakewa, har na ce a raina alhamdu lillahi. Sai ta ce na yara ta ji, to na Nasara fa? Ta ce madam ɗin da ta fi kowa saya ba ta da ɗa ko ɗaya, a kan tebur take jera su don ado, baƙi suna zuwa suna kallo.

"Malam, waɗannan ma ka tabbata?"

Ya ja carbinsa. Mutumin kirki ne, ba ya iya faɗin abin da bai tabbatar ba. Ya ce, "Allah ne masani, Fanta."

Da ya tafi na ji kamar in bi shi in shaƙe shi. Me zai rage shi in ya ce ya tabbata? Duk bayanin da ya yi ta watsar, wannan kalma ta ƙarshe ita kaɗai ta riƙe.

Washegari ta ce in je unguwar Nasara. Lokacin gari ya ɗauki maganar 'yanci, ana ta share fili ana ɗinkin tuta, wasu Nasaran kuma suna haɗa kaya za su koma ƙasarsu. Ban taɓa taka unguwar ba. Na yi ta tambaya har na samu gidan madam ɗin, na tarar da kamyo, babbar motar kaya, tsaye a ƙofa, leburori suna loda akwatunan katako. Kukunta, wani Nomau mutumin Mirya, ya saurare ni har ƙarshe bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya shiga ya kira ta. Ta fito da 'yar gudumar buga ƙusa a hannu, gumi duk ya jiƙe mata riga. Nomau ya fassara mata komai, ina ganin yana nuna sama, yana hura iska a tafin hannunsa.

Ba ta yi wulaƙanci ba, gara ma da ta yi. Idanunta suka kawo ruwa, ta dafa kafaɗata. Ta ce da yawa ta riga ta aika Faransi tun shekarun baya, sun watsu a gidajen 'yan'uwa da ƙawaye, sauran kuma suna cikin akwatunan nan, an buga ƙusa, ba ta ma san wanne ba ne. Sannan ta ce in gaya wa Fanta ta kwantar da hankalinta, ba abin da zai sami raƙumanta. A cikin gilashi za ta ajiye su, ko asu ba zai taɓa su ba, za su daɗe fiye da mu duka.

Ina tsaye aka ɗaure igiya, kamyon ya tashi ya nufi hanyar Kano.

A hanya na shirya ƙarya kala-kala. Amma da na shiga ɗakin ta kafe ni da ido, ta ce in faɗa mata yadda matar ta ce, kada in rage. Ƙarya ba ta fito ba. Na faɗa mata duka, har maganar gilashin. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in jawo mata zane ta rufe ƙafafunta, sanyi take ji. Daga ranar ta daina tambayata ina na je, me na samo. Koko ma sai na yi faɗa take kurɓa.

Ranar da za ta cika, da hantsi na shiga da ɗan kunu. Daga nesa ana jin kiɗa, gari duk ya tafi kallon masu faretin bikin 'yanci. Na tarar da ita a kishingiɗe, ta riƙe wani ɗan raƙumi da na samo kwana ɗaya kafin nan a gidan wani mahauci, ba ta farke shi ba. Ta kai bakinsa kusa da nata, tana hurawa. Ta huta, ta tattara ƙarfi, ta sake hurawa. Ƙirjinta yana ƙara kamar tsohuwar zuga-zugi. Na tsaya da ƙwarya a hannu.

Ta ga ni, ba ta ji kunya ba.

"Gwadawa nake yi," in ji ta. "Shatu, fitila ma ba na iya hurewa yanzu. Ɗaya ne fa wannan."

Na ajiye ƙwaryar, na karɓe raƙumin, na sa aska na farke shi a gabanta. Ba ta hana ni ba. Na zauna na ɗora kanta a cinyata ina yi mata kalmar shahada, tana bi, wani wurin da murya, wani wurin da leɓe kawai. Na so in ga tsoron nan ya bar fuskarta ko da na ɗan lokaci ne. Ban gani ba, kuma ba zan ce na gani ba. Kafin azahar ta cika, idanunta suna kan ƙofa.

Mutane kaɗan ne suka raka ta, saboda bikin. Mu mata muka share ɗakin, muka kwashe ƙyallaye da auduga, aka kulle ƙofa kafin danginta su iso daga Gure.

Bayan an yi sadakar uku, da yamma hadari ya haɗo, ina kwashe shanya, sai na ji sallama a gidan Ya Fanta. Na zagaya na tarar da wata mace da ban sani ba, ƙafafunta duk taɓo. Ta ce sunanta Tani, daga Garagumsa take. Ta ce a kasuwar Takeita ta ji ana cewa tsohuwar nan mai dabbobin tsumma tana neman kayanta, ba ta da lafiya, shi ne ta bar noma ta biyo motar gyaɗa. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wata 'yar akuya, ta yi baƙi ƙirin don dauɗa, an tauna kunne ɗaya har ya ƙare. Ta ce 'ya'yanta duka da ita suka yi wasa.

Na gaya mata. Ta yi salati, ta yi addu'a, sannan ta tambaye ni ko har yanzu da amfani a farke. Na ce ban sani ba. Ta juya akuyar a hannunta, ta rasa inda za ta sa ta, sai ta durƙusa ta ajiye ta a dokin ƙofar ɗakin, ta ce bari ta yi sauri kada mota ta bar ta.

Akuyar ta tsaya da ƙafafunta huɗu, ba ta faɗi ba, fuskarta tana kallon ƙyauren da ke kulle. Aka fara yayyafi, ɗigon ruwa yana sauka a bayanta ɗaya bayan ɗaya.