Mai Feshi a Babban Jirgi

Tayoyin suka taɓa ƙasa sumul, ko girgiza babu. Mai Feshi ya saki sitiyari, ya share zufa, ya juya yana jiran yabo. Injin ɗaya aka kashe masa, aka turo masa iska ta gefe, amma ga shi ya sauke jirgin.

Sai malamin da ke zaune a bayansu, shi da abokiyar tuƙinsa, ya kunna fitila. Titin saukar ya ɓace daga gilashi, aka koma cikin akwatin nan na gwajin tuƙin jirgi mai warin roba.

"Kun faɗi," in ji malamin. "Ku biyun."

Mai Feshi ya yi dariya, a zatonsa zolaya ce. Shekara da shekaru yana tuƙa ƙaramin jirgin feshin gonaki, shi kaɗai, yana wucewa ta ƙarƙashin wayoyin lantarki. Yanzu da kamfanin feshin ya rufe ya zo neman aikin jirgin fasinja, kuma wannan malamin da a haife ya haife shi ne zai ce masa ya faɗi?

"Malam, wace irin faɗuwa? Ko shayi ba zai zube ba a saukar nan!"

"Gaskiya ne, ban taɓa ganin hannu irin naka ba. Amma hasumiyar kula da jirage ta ce ku koma titin hagu, na dama a rufe yake, motocin gyara na kai. A kansu ka sauka."

Mai Feshi ya dubi abokiyar tuƙinsa, yarinyar da ta fito daga makarantar tuƙi bana, sa'ar autarsa. Ita ke riƙe da rediyo.

"'Yata, kin ji wannan magana?"

"Na ji, Baba."

"To, me ya hana ki faɗa min?"

"Ai na faɗa. Na ce, Baba, ko ka ji abin da hasumiya ta ce? Ka ce ka ji."

Ya tuna. Wallahi ya ce ya ji! Shi da hannunsa ke kokawa da iska, ya ɗauka irin sannu da aikin nan ce ta yara masu tarbiyya.

"Gobe ne gwajin ƙarshe," in ji malamin. "In aka maimaita haka, kamfani zai sallame ku. Kai ka koyi saurare, ke kuma ki koyi buɗe baki."

Suka fito baranda. Kan Mai Feshi ya ɗaure tamau. Ya iya tuƙi, an ce ba shi ake nema ba. Yarinya ta yi ladabi, an ce laifi ne. To, me ake so? Tsoro ya kama shi, domin a shekarunsa babu wanda zai sake kiransa gwaji. Ga tausayin yarinyar, da ya ja ta suka faɗi tare.

Ya tsaya a gabanta.

"Saurara. Gobe babu Baba. In na kauce, ki daka min tsawa, ki ce kai, ka yi kuskure! Gwada yanzu in ji."

Ta gyara jakarta.

"Ki faɗa mana! Umarni nake ba ki!"

Yarinyar ta ɗan rusuna, idonta a ƙasa.

"To, Baba. Ka yi haƙuri."